KANGON COCIN KOBENTIRI DA ABIN DA YA TUNA MINI GAME DA ZAMANMU A NAN

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu ya gabatar a taron shekara-shekara da aka yi a Sabo, Ibadan. Mun buga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyara kaɗan, saboda 'yan'uwan da ba su sami halarta ba. Edita.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana wannan rana, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama.

Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Shugaban wannan taro, malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin 'yan kasuwa, samari da 'yan mata, ina gaishe ku gaba ɗaya da fatan mun zo lafiya.

Da Sakatare ya same ni a gida ya ce in zo in ba jama'a labarin tafiyar da na yi Ingila, sai na yi dariya, na ce masa ai yanzu zuwa Ingila ya daina zama labari, yaranmu na zuwa suna dawowa kamar mai zuwa Ikko. Sai ya ce abin da yake so in faɗa shi ne zancen nan da na yi musu a ƙofar masallaci bayan sallar Isha, wanda ya sa har aka kusa yin gardama. To, shi zan maimaita, amma yau da natsuwa, domin yana da nasaba da wata magana da ke gaban ƙungiyarmu, wadda zan zo kanta a ƙarshe.

A shekarar 2023 Allah ya nufe ni da zuwa bikin kammala karatun ɗana a jami'ar wani gari da ake kira Kobentiri. Daga Landan tafiyar kamar awa guda ce a jirgin ƙasa, kusa yake da Bamingham. Sai da na isa yaron nan ya shaida mini cewa jami'arsu a cikin babbar majami'ar garin take yin bikin, watau coci. Na ce masa, "Kai, ka ɗauko ni tun daga Ibadan don ka kai ni coci?" Ya ce, "Baba, ibada ba ta cikin shirin, zaure ne kawai jami'a ke amfani da shi ranar. Amma akwai abin da nake so ka gani kafin ranar."

Washegari da hantsi ya ja ni muka tafi. Muna haurawa wasu 'yan matakala sai na gan ni a cikin wani makeken gini na jan dutse, bango ta kowane ɓangare, amma da na ɗaga kai sai sararin sama. Babu rufi ko na taki ɗaya. Tagogi dogaye suna nan da zanensu na dutse, iska na ratsawa ta cikinsu. A ƙasa ga guntayen ginshiƙai a jere, an bar su iya inda wuta ta tsaya da su. A gefe guda kuma hasumiyar ginin tana tsaye cir, tsawonta ya kusa ƙafa 300, kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Ana hawa, amma gwiwoyina ba su yarda ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsabtar wurin. Kango ne, amma an share shi tas, an ajiye bencina, mutane na zaune shiru, wasu na cin ɗan abincinsu, yaran makaranta na biye da malamarsu tana yi musu bayani.

Na tambayi yaron ko kuɗin gyara ne babu. Ya nuna mini sabon ginin da ke manne da kangon, ya ce, "Ga wanda suka gina nan. Wannan da gangan aka bar shi."

To jama'a, ga asalin labarin. Manyanmu na nan sun san abin da iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945. Mu ma yaƙin nan ya taɓa mu, domin an kwashi samarin ƙasar nan masu yawa, da Hausawa birjik a cikinsu, aka kai su dazuzzukan Bama suka yaƙi Japan. Ni kaina na tashi na tarar da tsofaffin soja a unguwar nan suna ba da labarin Bama. Kobentiri a lokacin gari ne na masana'antu, ana ƙera motoci da injinan jiragen sama da kayan yaƙi, shi ya sa Jamus ta sa masa ido.

Daren 14 ga Nuwamba, 1940, farin wata ƙal, jiragen Jamus kimanin 500 suka yi wa garin rubdugu. Tun bayan magariba suke zubo bama-bamai, ba su sarara ba sai wajen asuba, kusan awa 11. Mutum fiye da 550 suka mutu a daren nan guda, gidaje fiye da 4,000 suka rushe. Gawarwaki sun yi yawan da sai a dogayen ramuka aka binne su tare. Ɓarnar ta kai har Jamusawa suka ƙago wata sabuwar kalma daga sunan garin, ma'anarta a mai da gari toka.

Ita wannan majami'a an gina ta tun shekaru wajen 500 kafin wannan dare. Mutum huɗu ne ke gadin rufinta saboda gobara, cikinsu har da shugaban majami'ar, wani limamin Kirista mai suna Richard Howard, da magininsu, wani dattijo Jock Forbes. Rufin na darma ne a sama, katako a ƙasa. Bama-baman ƙonawa suka riƙa huda darmar suna kama katakon ta ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Sun yi iya ƙoƙarinsu da yashi da bokitai, 'yan kwana-kwana suka zo, ruwa ya yanke domin bam ya farfasa bututan garin. Haka suka koma gefe suna kallo har rufin ya rufta.

Da gari ya waye, maginin nan ya ga wasu ƙonannun azara biyu sun faɗo ɗaya kan ɗaya, ya ɗaure su ya kafa a matsayin gicciye, alamar addininsu. Wani limamin kuma ya tsinci manyan ƙusoshi uku na tsohon rufin ya haɗa su haka nan. Wannan duk al'amarin addininsu ne, mu ba namu ba ne, na faɗa ne don labari ya cika. Inda nake so ku saurara da kyau shi ne abin da Howard ya yi.

Ya sa aka rubuta kalmomi biyu rak a bangon da ke can ƙuryar kangon, na roƙon Ubangiji gafara. Suna nan har yau, na tsaya a gabansu. Wani dattijo mai yi wa baƙi jagora ya ce in lura da abin da babu a rubutun. Mutumin nan bai rubuta a gafarta "musu" ba, ya tsaya a kan neman gafara kawai. Dalilinsa shi ne, da ya ƙara wannan kalma, ya raba duniya gida biyu ke nan, mu masu gaskiya, su masu laifi, alhali kuwa a ganinsa babu ɗan Adam da ba ya bukatar gafara. Bayan mako shida, ranar Kirsimetin 1940, ya yi magana ta rediyon BBC daga cikin kangon, ya nuna cewa suna ƙoƙari, ko da yake da wuya, su fitar da tunanin ramuwa daga zukatansu.

Kada ku ɗauka kowa ya yi na'am da shi. Mutumin da ya binne 'ya'yansa a rami guda da maƙwabta, ka zo kana yi masa zancen yafiya tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba, ai sai a hankali. Kuma ƙasarsa ba ta bi maganarsa ba. Ingila da Amurka sun rama, har ramuwar ta fi ta gayya zafi. A watan Fabrairun 1945 jiragensu suka ƙone birnin Diresdin na Jamus, mutum wajen 25,000 suka hallaka cikin 'yan kwanaki, babbar majami'ar can ita ma ta zube. Ku duba lissafin nan: ɗari biyar da wani abu a nan, dubu ashirin da biyar a can, kuma akasarinsu mata da yara da tsofaffi waɗanda ba su taɓa tuƙa jirgin yaƙi ba. Haka ramuwa take, ba ta zuwa gidan wanda ya yi laifin, gidan wanda ta samu take faɗawa.

Da yaƙi ya ƙare sai maganar Howard ta fara tsiro. A 1947 mutanen Kobentiri suka kai irin ƙusoshin nan birnin Kiel na Jamus, wanda shi ma ya sha bam, mutanen can suka ba su dutse daga kangon tasu majami'ar. Aka yanke shawarar a gina sabuwa a gefe, a bar tsohuwar yadda take. Sarauniya Elizabet ta aza harsashi a 1956, aka buɗe a 1962. Wanda ya zana ginin, Basil Spence, ya yi bangon da ke fuskantar kangon da gilashi tun daga ƙasa har sama, yadda duk wanda ke cikin sabon gini in ya waiwaya sai ya ga tsohon. A farkon shekarun 1960 samarin Jamus suka zo da kansu suka gyara wasu ɗakuna a jikin kangon, a 1965 kuma samarin Ingila suka je Diresdin suka taya gina wani asibiti da bam ya rusa. Ita majami'ar Diresdin ta yi shekaru kusan 50 tana tsibin duwatsu kafin a sake gina ta, aka buɗe a 2005. Baƙaƙen duwatsun da suka sha wuta an mai da su cikin bangon tare da sababbi farare, kowa na ganin bambancin. Gicciyen da ke ƙololuwarta kuwa kyauta ce daga mutanen Ingila, kuma maƙerin da ya ƙera shi ɗan ɗaya daga cikin matuƙan jiragen da suka ƙone garin ne.

Na san akwai mai cewa a ransa, "To Alhaji, mu ina ruwanmu da cocin Turawa?" A ƙofar masallaci ma an faɗa mini haka. Amsata ita ce, Alƙur'ani ya umurce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. A cikin Suratul Hajji kuma an ambaci ɗakunan ibadar Kiristoci da na Yahudawa tare da masallatai a cikin abubuwan da za a rusa in ba don Allah yana kare wasu mutane da wasu ba. Malamai na zaune, in na yi kuskure su gyara mini. Sayyadina Abubakar ya yi wa rundunarsa wasiyya kada su taɓa masu ibada a ɗakunan ibadarsu, kada su kashe mata da yara da tsofaffi. Sayyadina Umar da ya karɓi Ƙudus ya ƙi yin salla a cikin cocin garin don gudun kada Musulmi su mai da ita masallaci a bayansa. Ni ban yi ibada a wurin nan ba, akwai ma gumaka a ciki waɗanda ba hanyarmu ba ce. Na je na gani ne, na kuma yi tunani.

Har ila yau, wurin yana da alaƙa da ƙasarmu. Bayan rikicin Kaduna na 2000, mutanen wannan majami'a na cikin waɗanda suka taimaka har shugabannin addini 22, Musulmi da Kirista, suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kaduna cikin watan Agustan 2002. Amma ku tuna, wata uku bayan haka, a Nuwamba, garin ya sake kamawa da wuta. Wannan ya nuna takarda da sa hannun manya ba sa wadatarwa in ba a sauko da abin cikin unguwa da kasuwa ba.

Yanzu bari in dawo gida. An kafa Sabon nan tun 1916. Kakanninmu sun zo da shanu suka koma da goro, mu aka haife mu a nan, 'ya'yanmu da yawa Yarbanci ya fi zama a bakinsu. Shekara fiye da ɗari muna cin arziki da mutanen garin nan, an yi auratayya, an yi bashi an biya. Amma mun ga ranakun baƙin ciki. Mun ga Shagamu a watan Yulin 1999, muka ga yadda 'yan kwanaki kaɗan bayan nan aka huce a kan Yarabawan Kano waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mun ga Ketu a ƙarshen wannan shekara, mun ga Idi-Araba a 2002. A watan Fabrairun 2021 kuma abin ya zo ƙofar gidanmu, a kasuwar Sasa, inda ƙaramar hatsaniya ta zama asarar rayuka da dukiya.

Me muke yi bayan kowane ɗaya? Mu binne namu, mu kwashe toka, mu kafa sabuwar rumfa, manya su ce a yi haƙuri a bar zancen. Niyyar mai kyau ce. Amma zancen da aka hana shi fitowa zaure, ai ɗaki yake komawa. Yaro yana jin labarin da dare daga bakin wanda ransa ke ɓace, ko ya gani a wayar hannu, hoton da ba a san ma inda aka ɗauke shi ba. Yakan ji wanda ya ƙone rumfar babansa, amma ba ya jin sunan matar da ta kulle ƙofarta da yaranmu a ƙarƙashin gadonta. Na tabbata a can gidajensu ma rabin labarin ake bayarwa, rabin da mu ne masu laifi a ciki. Mai rabin labari kuwa shi ne ake fara samu riƙe da galan ɗin fetur.

Shugaba, ka san maganar da nake nufi. Akwai ƙonannen sikelin nan da aka ɗauko daga kasuwa, wuta ta lanƙwasa shi, yana jingine a bayan ofishin ƙungiya. Wasu sun ce a ba 'yan gwangwan su tafi da shi, ganinsa na tayar da tsohon miki. Wasu samari kuma sun ce a kafa shi a bakin titi a rubuta abin da aka yi mana. Kafin tafiyar nan ina tare da na farko. Yanzu ra'ayina shi ne a ajiye shi, amma a yi hattara da abin da za a rubuta a ƙarƙashinsa. In aka rubuta "ga abin da suka yi mana", to mun dasa wa jikokinmu ƙaya. Sikeli ne fa, jama'a. Hausawa sun auna kaya a kansa, Yarabawa sun saya. Wutar da ta lanƙwasa shi ba ta tambayi yaren mai rumfa ba, rumfunansu ma sun ƙone.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara huɗu.

Ta farko, a shigo da sikelin cikin ofis, a rubuta shekarar da addu'ar neman gafara da rahama ga duk wanda ya rasu, da Hausa da Yarbanci, ba tare da ambaton wata ƙabila ba.

Ta biyu, a buɗe littafi. A bi gida-gida tun masu labarin na raye, a rubuta sunayen waɗanda muka rasa da abin da aka yi asara, a kuma ware shafuka na sunayen maƙwabtan da suka ɓoye mu, suka ciyar da mu, suka tsare mana kaya. Duniya ta san Liman Abubakar Abdullahi na jihar Filato da ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa a 2018, domin an rubuta labarinsa. Irinsa suna nan a garin nan ta kowane ɓangare, rashin rubutu ya sa ba a san su ba.

Ta uku, sau ɗaya a shekara mu gayyaci Baale da Iyaloja da shugabannin samarinsu, mu zauna a ci abinci, a karanta sunayen nan na ɓangare biyu. A kangon Kobentiri duk ranar Juma'a da tsakar rana suna taruwa su yi addu'ar sulhu, shekara da shekaru ba su gaji ba. Mu sau ɗaya a shekara bai kamata ya gagare mu ba.

Ta huɗu ta shafi bakinmu. In wani abu ya faru, wanda zai buga waya gida ya faɗi abin da idonsa ya gani, kada ya ƙara ko mutum ɗaya. Ƙarin gishirin da ka yi a nan, wani bawan Allah ne zai biya da ransa a Sabon Garin Kano, sa'an nan a dawo a rama a kanmu.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a yafe haƙƙi. Wanda ya yi asara yana da damar ya nemi diyya, wanda ya kashe rai hukuma ta kama shi, kuma wajibin ƙungiya ne ta ci gaba da bin wannan ta hanyar doka. Turawan ma sun gurfanar da manyan Hitila gaban kotu bayan yaƙi. Ban kuma ce zafi zai gushe ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya karɓi musuluntar Wahashi wanda ya kashe baffansa Sayyadina Hamza, bai taɓa shi ba, amma ya nemi ya riƙa kauce wa idonsa. Bai kuma manta da shahidan Uhudu ba, yana ziyartar kaburburansu, alhazanmu ma har yau suna zuwa. Ashe tunawa da mamaci da barin ramuwa suna iya zama a zuciya ɗaya.

Ga waɗanda suka rasa nasu a cikinmu, iyayena mata musamman, ban fi ku sanin ciwon ba, kuma in maganata ta sosa muku wani wuri ku yafe mini. Littafin nan da nake magana, ku ne za ku fara cika shi in kun yarda.

Ranar bikin, da aka kira sunan yarona ya karɓi takardarsa, na waiwaya ta bangon gilashin nan na hango kangon, tattabaru na shawagi a inda rufi yake a da. Na roƙi Allah a zuciyata kada ya nuna wa jikokinmu abin da muka gani.

Nan zan dasa aya. Abin da na faɗa daidai Allah ya haɗa mu a ladan, inda na yi kuskure ya yafe mini. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa Sarki lafiya da tsawon rai, ya zaunar da garin nan da ƙasarmu lafiya, ya albarkaci kasuwanninmu da zuriyarmu.